Nu'uman Sha'aibu da Amanar Kwarin Gawo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa ne makomarmu. Ranar Talata, takwas ga watan Zulƙida, wadda ta zo daidai da shida ga Mayu na shekarar 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Nu'uman Sha'aibu Tiga bayan zazzaɓin kwana huɗu. Shekarunsa arba'in da ɗaya. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Shamsiyya, da 'ya'ya uku. Kafin rana ta faɗi mun kai shi makwancinsa.

Nu'uman, ni ne Malam Mudi, tsohon malamin makarantar da kake kira Baba. Na jinkirta wannan rubutu har kwana arba'in suka wuce, domin akwai maganar da nake so in faɗa a kanka wadda ba tawa ba ce ni kaɗai. Sai da mai ita ya ba ni izini.

Ga wanda bai san mu ba, mu 'ya'yan mutanen da aka tasa ne lokacin da ruwan Tiga ya ci ƙauyukanmu. Namu ƙauyen sunansa Kwarin Gawo. A can aka yanke mini cibi, amma yanzu sai dai in nuna wurin da yatsa daga gaɓa. Shekaru shida da suka wuce muka kafa ƙungiya, mu zuriyar ƙauyuka biyar, don mu naɗi muryoyin tsofaffinmu kafin su ƙare: su gaya mana inda rijiyoyi suke, da gonar wane, da gefen da maƙabarta take. Aka ba mu wani ɗaki a gefen tsohuwar firamare, aka naɗa ni shugaba. Muna da niyya, ba mu da wanda ya san aikin. Sai ga ka, ɗan masunci wanda ya yi karatu a Kano ya dawo gida yana gyaran waya da kwamfuta. Ka ce za ka yi don Allah da don kakanninka.

Kwamfutar da ka haɗa mana ba irin wadda muka saba gani a ofisoshi ba ce. Wani tsari da ake kira Linux ka sa mata. Ka zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya ka yi mini bayani. Ka ce a cikinta komai bishiya ɗaya ce mai saiwa ɗaya, folda a cikin folda kamar rassa. Idan aka kawo faifan ajiya aka jona, ba ya tsayawa shi kaɗai da wani harafi nasa. Sai an ware masa folda guda a jikin bishiyar an ɗaure shi a nan, daga nan duk wanda ya buɗe foldar, cikin faifan yake kallo. Wannan foldar ita kake kira turke. Ban taɓa jin wani ya kira ta haka ba sai kai, amma yau duk wanda ya zauna a ɗakin nan da sunan ya san ta.

Ga kuma tsananinka a kan inda za a kafa turken. Ɗan ƙaramin faifan nan, filashi, da mutane ke zuwa da shi su tafi da shi, ka ce baƙo ne, masaukinsa /media, injin da kansa yake saukar da shi. Faifan da mai gyara zai ɗaure na ɗan lokaci ya yi aiki ya kwance, wurinsa /mnt, kuma ba a barinsa ya kwana biyu a can. Faifan da jama'a za su riƙa zuwa suna saurara kullum, ka kai su ƙarƙashin /srv. A nan ka kafa turaka biyar, kowanne da sunan ƙauyensa, kowane ƙauye da faifansa. Ka ƙara da cewa turke fanko ake barinsa, ba a ajiye komai a ciki. Wannan ka maimaita mini ya fi a ƙirga.

Na tambaye ka wata rana ko injin zai ƙi aiki idan aka saɓa wa tsarin.

"Ba zai ƙi ba, Baba," ka ce. "Ko a ina ka ɗaure zai karɓa. Ba don inji aka yi ƙa'idar ba. Don wanda zai zo bayanka ne, ya san inda zai nema ba sai ya tambaye ka ba."

Mutanen Tudun Wada sun ga amfanin wannan hali naka. Wata makaranta a can ta wayi gari sakamakon jarrabawar ɗalibanta na shekaru ya ɓace daga kwamfuta, shugabar makarantar ta rantse sai ta kori akawun. Ka hau babur cikin zafin nan ka tafi. Ka tarar wanda ya fara haɗa musu injin ya ɗaure faifan a cikin foldar kansa, da aka yi masa canjin wurin aiki aka rufe sunansa, sai hanyar ta toshe. Ba ka fi rabin awa ba ka mai da faifan inda ya dace, komai ya fito. Akawun ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ce abin da ba zai manta ba shi ne, kafin ka taɓa injin sai da ka ce wa shugabar, a gaban kowa, "Hajiya, kowane irin abu muka tarar, ba hannun wannan bawan Allah ba ne." Ba ka riga ka gani ba, amma ka ga fuskarsa.

Da tsofaffi kuwa haƙurinka ya fi nawa. Akwai Iya Tani, makauniyar nan da ta koma wurin jikokinta a Ɗansoshiya. Sau uku kana zuwa tana ƙin magana, tana cewa ba ta hira da ƙarfe. A zuwa na huɗu ka ajiye na'urar a aljihu ka zauna ka ci dambunta, ka taya ta ɓarar gyaɗa, sai ita da kanta ta ce ka ciro abin naka. Ta jero maka sunayen tafkuna goma sha ɗaya da babu wanda ya tuna su. Wata biyu bayan nan ta rasu.

Haka suka yi ta tafiya. Cikin mutum sittin da uku da ka naɗa, fiye da rabi suna ƙasa yanzu. Ɗakin nan namu ya zama wurin da matattu suka fi rayayyu yawan magana. Kana da ɗabi'ar kunna su da hantsi kana aiki, taga a buɗe. Wata rana wata mai tallan soyayyen kifi tana wucewa ta ji tarin mahaifinta, wanda ta binne shekara guda da ta gabata, sannan ta ji ya ce, "Wa ke nan a waje?" Da wani yake magana a ranar da aka naɗi muryarsa. Ta saki tiren a ƙasa ta tsaya kamar an dasa ta. Ka fito da gudu ka tsince mata kifin, ka shigo da ita ka zaunar, ka kunna mata tun daga farko ta ji har ƙarshe. Daga ranar ba ka sake buɗe tagar ba in kana saurare.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni rubutu.

Matata Furera ba ta san mahaifiyarta ba sai sama-sama. Tana 'yar shekara biyar, a daminar farko bayan an tashe mu, mahaifiyar tata Asibi ta ɓace. Labarin da kowa ya sani shi ne ta hau wata motar kaya ta bi hanyar Jos, ta bar 'yarta. Ƙanin Asibi mai suna Lado ne ya ce ya gan ta da idonsa. Shi ne kuma ya ɗauki Furera ya riƙe ta kamar shi ya haife ta, shi ya aurar mini da ita. Furera ta girma da sunan 'yar wadda ta gudu. Duk da haka ba ta taɓa fid da rai ba. Har ta yi furfura, in ta ji an ce ga wata tsohuwa 'yar ƙasar Kano a Saminaka ko a Jos, sai ta sa in bincika.

A 2021 ka je ka naɗi Kawu Lado. Ya ce kowa ya fita, ku biyu kuka zauna a zaurensa tun hantsi har azahar. Furera ta kasa zaune ta kasa tsaye, tana cewa wataƙila ya faɗi wani abu game da uwarta wanda ba ya iya faɗa mata baki da baki. Bayan kwana biyu ta zo ɗakin da kanta.

"Nu'uman, ka kunna mini ta Kawu."

Ka sunkuyar da kai. "Inna, ba ta cikin faifan."

"Ina ta shiga?"

"Ba ta cikin faifan, Inna. Ki yi haƙuri."

Iyakar abin da ka faɗa ke nan, ranar da duk ranakun da suka biyo baya. Na koma wurin Kawu na roƙe shi a sake, ya ce shi ya faɗi tasa sau ɗaya, ba ya maimaitawa. Raina ya ɓaci. Na ɗauko wani masani daga Kano, Abdulbasit, ba tare da na shawarce ka ba. Kana nan ranar, injin a kashe, kai ka cire masa faifan Kwarin Gawo da hannunka ka miƙa masa. Ya tafi da shi mako guda ya dawo ya ce babu, ko alamar an taɓa sa ta an goge babu. Duk makon a kashe ka bar injin, sai da yammacin ranar da ya dawo ka mai da faifan ka kunna.

A taron ƙungiya na gaba na tashi a gaban mutane na ce maka, "Kai da ka ishe mu da ƙa'ida, nan wurin wannan, can wurin wancan, ga shi hirar da ta fi kowace muhimmanci ta salwanta a hannunka." Wasu suka yi dariya. Ka ce, "Na ji, Baba. Allah ya huci zuciyarka." Washegari ka zo aiki kamar kullum. Furera ta yi kusan shekara tana amsa gaisuwarka a daƙile, kai kuma ba ka fasa durƙusawa ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci ciwonka ka kira ni ɗakin. Lafiyarka ƙalau. Na tarar ka liƙa wa kowane faifai takarda da sunan ƙauyensa da turkensa, ka kuma rubuta yadda ake kunnawa da kashewa ka manna a bango. Na ce maka tafiya za ka yi ne? Ka ce a'a, gani ka yi ya kamata. Ka sa na yi komai da hannuna sau biyu. Da muka zo kan faifan Kwarin Gawo ka ɗora tafinka a kai, ka daɗe haka, ka dube ni kamar mai shirin magana. Sai aka kira sallah. Ka ce, "Mu je, Baba." Ran Juma'a da yamma zazzaɓin ya kama ka.

Kwana goma bayan rasuwarka Shamsiyya ta aiko. Tana cikin takaba, ta ce tana so ta ji muryarka, ta san kai ne mai tambaya a duk hirarrakin nan. Na kashe injin yadda ka koya mini, na cire faifan Kwarin Gawo, tunda shi ya fi yawan hira, na aika mata ta saurara a kwamfutarka ta gida.

Washegari da hantsi na buɗe ɗakin ni kaɗai. Kujerarka tana inda ka bar ta, hularka tana rataye a ƙusa. Na kunna injin. Maimakon ya tashi yadda ya saba, sai allon ya tsaya baƙi, layi ɗaya na rubutu yana ƙirga daƙiƙoƙi. Neman faifan da na cire yake. Na zauna ina kallon lambobin suna hawa, ba motsin komai sai fankar cikinsa. Minti ɗaya da rabi ya jira, sannan ya haƙura ya wuce.

Ba ni da dalilin buɗe turken Kwarin Gawo. Na san faifan yana gidanka. Hannuna ne kawai ya je inda ya saba zuwa. Na zaci zan ga fili fari.

Abu ɗaya ne a ciki. An rubuta masa suna Lado, da kwanan wata na 2021.

Na duba tebur, wayar faifan tana nan a kwance, bakinta bai jone da komai ba. Na duba allon, abin yana nan. Na yi ta'awizi. Na tashi na leƙa waje, yara suna wasa a filin makaranta, mata suna dawowa daga bakin ruwa, duniya tana yadda take. Na dawo na rufe ƙofa na danna.

Muryarka ce ta fara fitowa. "Bismillah. Baba Lado, muna saurare."

Aka ji kukan kurciya a bayan Kawu. Sannan ya fara, ba kan rijiyoyi ko gonaki ba. Ya ce kafin a tashe mu Asibi ta binne jaririnta a Kwarin Gawo, kuma bayan ƙaura ba ta daina komawa kabarin ba. Da damina ta kama, ruwa ya zagaye tudun ƙauyen ya mai da shi tsibiri. Wata safiya ta roƙe shi ya ƙetare da ita a kwalekwalen da ya fara koyon tuƙawa, kada kowa ya sani, don mahaifinsu ya hana ta. Ya kai ta, ya ce zai dawo kafin la'asar. Ya tafi wurin wani dambe a ƙauyen gaba, hira ta ja shi. Kafin ya juyo hadari ya haɗu, aka yi ruwan da bai taɓa ganin irinsa ba, rafuka suka kawo daga sama. Ya zo gaɓa ya ga igiyar ruwa, tsoro ya hana shi shiga. Da gari ya waye ya tuƙa ya je. Ba tudu, ba katanga, sai kan gawo guda a tsaye cikin ruwa. Ya yi ta kiran sunanta har muryarsa ta dishe. Ya dawo gida ya tarar ana nemanta, mahaifinsu ya dube shi, sai ya ji bakinsa ya ce ya gan ta a motar Jos.

"Shekara kusan hamsin ina kallon 'yarta tana jiran ta," in ji shi. "Na kasa faɗa mata, na kuma kasa mutuwa da shi. Amana na ba ka, ɗana. Ka ɓoye. Ran da ƙasa ta rufe idona, ka ba Furera."

Sai na ji ka ce, a hankali, "Baba, in na riga ka fa?"

Ya yi 'yar dariya. "Kai yaro, ina za ka riga ni?"

"Ai ba da shekaru ake tafiya ba."

"To in hakan ta faru, Allah ya san yadda zai yi da kayanSa."

Daga nan sai ƙarar kujera, hirar ta yanke. Na zauna a ɗakin har aka kira azahar ban motsa ba.

Da na dawo hayyacina na buga wa Abdulbasit waya, na tambaye shi yadda abu zai fito a turken da ba faifai, ban gaya masa ko mene ne ba. Ya ce ba aikin aljanu ba ne. Idan mutum ya kwance faifai, ya ajiye abu a cikin foldar kanta, sannan ya mai da faifan ya ɗaure, faifan zai rufe abin. Ba ya gogewa, ba a kuma ganinsa, sai ranar da aka cire faifan aka kunna injin ba shi. Shi ya sa ake barin turke fanko. Sannan ya ce, "Malam, Nu'uman ba zai yi wannan da kuskure ba. Kuma ni faifan na bincika, ban duba injin ba."

A nan na gane ba ka taɓa yi mana ƙarya ba. Ba ta cikin faifan. Shekara huɗu tana ƙarƙashinsa, ina buɗe wurin kusan kullum. Ƙa'idar da ka fi tsanantawa a kanta ita ka karya, sau ɗaya, don wani tsoho ya roƙe ka. Ka ɗauki sunan mai sakaci a gaban jama'a, daga bakina, alhali kalma ɗaya ta isa ta wanke ka.

Kwana uku ina riƙe da maganar. Ina cin abincin Furera ina kasa haɗa ido da ita. Kawu yana raye, amanar ba ta kai lokacinta ba, ni kuma ba ni aka ba ba. A rana ta huɗu bayan la'asar na je zaurensa. Na yi sallama na durƙusa na gaishe shi, na rasa ta inda zan fara.

Shi ya sauƙaƙa mini. "Ka ji ta ko, Mudi?"

"Na ji, Kawu."

"Tun ranar da aka ce yaron nan ya rasu nake sauraron sallamarka. Na ɗora wa ɗan mutane kayana, an zage shi a gabana ina zaune ban ce komai ba. Ga shi ya tafi ya bar ni." Ya shafa gemunsa. "Kada ka kunna mata. Je ka kira mini ita."

Ban shiga tsakaninsu ba, a waje na zauna. Ban ji kuka ba, ban ji ɗaga murya ba. Da ta fito ta wuce ni ta nufi gida. Kwana biyu ba ta yi magana da kowa ba sai sallah. A na uku da safe ta dama kunu ta zuba a kwanon da take kai wa Kawu tun tana amarya, ta tsaya da shi a hannu a tsakar gida tsawon lokaci, sannan ta miƙo mini. Ta ce, "Kai masa. Ni ba zan iya ganinsa ba tukuna, amma kada ya wuni da yunwa."

A ƙarshen watan, kafin ruwan sama ya kankama, ta ce a kai ta wurin da ruwa ya ci mahaifiyarta. Ta ce da Kawu za a je, tunda shi ya san daidai. Yayanka Saifullahi ne ya tuƙa mu. Ruwan ya ja baya sosai bana, har kututturen gawon ya fito, baƙi, ya kai tsawon mutum. Ba iska ko kaɗan. Da muka kusa, Kawu ya ɗaga hannu, Saifullahi ya cire filafili daga ruwa, jirgin ya ƙarasa da kansa ya tsaya. Ta cikin ruwan ana hango wani layi mai duhu, Kawu ya ce tushen katangar gidansu ne. Ya nuna gabas kaɗan ya ce nan ya sauke ta. Furera ta leƙa ta daɗe. Ba tsuntsu ko ɗaya a wurin. Muka ɗaga hannu muka yi addu'a, mu huɗu, muka juyo. A hanyar dawowa ta ce masa, "Kawu, ka gyara zama, ruwa na taɓa rigarka." Ita ce maganar farko da ta yi masa. Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba, amma tana zuwa gaishe shi yanzu.

Kawu da kansa ya tashi a masallacin unguwarmu ya faɗa wa jama'a, ya ce a wanke sunan Asibi, a wanke naka. Shi ya ce in rubuta, kada in rage komai.

Nu'uman, a gaban mutane na ci maka fuska, don haka a gaban mutane nake neman gafararka, ko da yake na makara. Na je wurin mahaifiyarka na faɗa mata abin da na yi. Ta ce ba ka taɓa kai mata ƙarata ba, ba ta ma san an yi ba.

Ya Allah, ga bawanKa Nu'uman ya zo gare Ka. Mun shaida ya riƙe amana har ta ci masa mutunci bai sake ta ba. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa wani. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Furera, da ta dukkan zuriyar ƙauyukan nan biyar, ga mahaifiyarsa, da Shamsiyya, da Saifullahi da sauran 'yan'uwansa. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya marayun da ya bari, ya albarkace su. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Da na karanta wa Furera wannan rubutu kafin in fitar, ta ce in ƙara abu ɗaya. Ta ce sama da shekara hamsin ba wanda ya taɓa yi wa mahaifiyarta addu'ar mamaci, domin ana ganin tana can wani gari da ranta. Ita ma ba ta taɓa yi ba, don tana tsoron kada ta yi wa mai rai. Ta roƙi duk wanda ya karanta ya yi wa Nu'uman addu'a, ya haɗa da ita.

Allah ya jiƙan Asibi, da jaririnta. Amin.